Yadda za ka gwada shan man a-kori-kura biyu kafin ka zuba kuɗinka

Tun da litar gazuwal, wato man dizal, ta kai sefa 828 a Kamaru a watan Fabrairun 2024, tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu a Garwa, Marwa da Kusiri, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren gadar Ngeli a Cadi: tsakanin Hilux, L200, D-Max da Land Cruiser, wacce ta fi sauƙin shan mai? Mai tambayar yana so ne a kira masa suna ɗaya ya je ya saya. Ba zan kira ba, domin motoci biyu masu suna ɗaya, 'yan shekara ɗaya, kan sha bamban ƙwarai gwargwadon hannun da kowace ta bi, da tayar da aka sa mata, da ƙafar mai tuƙa ta. Abin da dillali ya faɗa da abin da allon mota ya nuna duk labari ne. Ga yadda za ka auna da kanka, har ka fito da lambar da za ka iya dogara da ita.

Abin da za ka tanada

Littafi da biro, waya mai GPS, ma'aunin iskar taya naka na kanka, da buhunan da ka san nauyinsu. Babban kuɗin yana wajen mai ne. Tankin Hilux na zamani lita 80 yake ci, cika shi daga ƙasa a farashin 828 sefa 66,240 ne. Na L200 lita 75 ne, na D-Max kuma 76. Amma man da za ka ƙona a gwaji ɗaya mai tsawon kilomita 400 bai cika wuce lita 40 zuwa 60 ba, sai ka ƙara sefa 500 na kowane shingen biyan kuɗin hanya. Dabara ita ce ka haɗa gwajin da tafiyar da dama za ka yi ta.

1. Ka fara sanin injin da ke ciki

Sunan da aka rubuta a bayan mota ba ya faɗa maka komai game da mai. Hilux kaɗai ta zo da injunan gazuwal da yawa: 5L-E mai lita 3.0 marar turbo, 2KD mai 2.5, 1KD mai 3.0, sannan daga 2015 aka shigo da 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8. Land Cruiser 79 da muka fi gani a hanyoyin daji tana ɗauke da 1HZ, silinda shida, lita 4.2, marar turbo, wasu kuma V8 mai lita 4.5. L200 tana da 4D56 mai 2.5, sababbinta kuma 4N15 mai 2.4. D-Max tana da 2.5 da 3.0 da kuma ƙaramin nan 1.9.

Buɗe kan mota ka karanta farantin da ke liƙe a ɗakin inji ko a jikin ƙofar direba, ka rubuta lambar injin. Rubuta kuma ko mai gida ɗaya ce ko mai gida biyu, ko mai ja da ƙafa huɗu ce ko biyu, ko giyar hannu ce ko otomatik. Duk waɗannan suna taɓa nauyi da shan mai.

Hattara: motocin hannu da yawa an sauya musu inji. Farantin na iya cewa 2KD, abin da ke kwance a ciki kuma wani ne daban. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi ya duba lambar da ke jikin injin kansa.

2. Ka daidaita lafiyarsu kafin a tashi

Idan ka gwada mota mai toshewar matacin iska da wadda aka yi wa gyara jiya, to gyara ka gwada, ba mota ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan toshe matacin iska cikin ɗan lokaci, inji ya rasa numfashi, ya fara baƙin hayaƙi. Fito da shi ka ɗaga shi a rana; in haske ba ya ratsawa, canza shi. Zubar da ruwan da ya taru a ƙasan matacin mai. Tabbatar baƙin mai bai wuce lokacin juye ba.

Iskar taya ka auna ta da safe, kafin mota ta yi tafiya, ka bi lambar da ke takardar jikin ƙofa, wadda ta dace da lodin da za ka ɗauka. Sai ka ɗaga kowace ƙafa da jak ka juya ta da hannu: wadda ta ƙi juyawa sakat, birkinta yana kamawa, kuma wannan ɓarawon mai ne da ba ya ƙara. In motar tana da makullin ƙafafun gaba irin na juyawa da hannu, mayar da su wajen sakewa, giya kuma ta zauna a 2H, wato ja da ƙafa biyu.

Hattara: kada ka rage iskar taya da rana tsaka don ka ga ta haura. Zafin kwalta ne ya ɗaga ta, in ta huce za ta koma. Wanda ya rage ta a lokacin, washegari da safe da taya mai laushi zai tashi.

3. Ka binciki agogon kilomita

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba, shi ya sa zan daɗe a kansa. Agogon kilomita ba hanya yake aunawa ba, juyin taya yake ƙirgawa. Mota ta fito daga kamfani da taya 205R16, mai ita ya ga ta yi masa siririya, ya sa 265/70R16. Sabuwar ta fi tsohuwar girman da'ira da kusan kashi 6 cikin 100. Kowane juyi yana cin ƙasa fiye da yadda agogon yake zato, saboda haka in ka yi kilomita 424 na gaskiya, shi 400 zai rubuta maka. Lissafinka zai nuna motar ta fi shan mai alhali ba haka ba ne, ko kuma ka zalunce ta a gaban wadda take da tayar asali.

Gyaran mai sauƙi ne. Mayar da ƙaramin agogon tafiya sifili, kunna manhajar GPS mai ƙirga nisa a waya, ka yi kilomita 30 zuwa 50 a miƙaƙƙiyar hanya. Raba abin da waya ta nuna da abin da agogon ya nuna. In waya ta ce 53, agogo ya ce 50, lambar gyaranka 1.06 ce, duk kilomitar da agogon motar nan ya ba ka daga yanzu, ninka ta da 1.06. Inda duwatsun kilomita na gefen hanya suke nan daram, su ma suna yin aikin. Kowace mota da tata lambar gyaran.

Hattara: babbar lambar da ke nuna jimillar tafiyar mota tun fitowarta ana iya murɗa ta baya, kuma ana yi. Wannan bai hana ƙaramin agogon yin aikin gwaji ba, amma kada ka gina cinikinka a kan waccan babbar lambar.

4. Hanya ɗaya, lodi ɗaya, ƙafa ɗaya

Zaɓi hanyar da motar za ta riƙa bi in ka saye ta, kuma ka yi ta zuwa da dawowa. Garwa zuwa Marwa da komowa ya ɗan haura kilomita 400, ya isa gwaji mai kyau. Dalilin dawowar biyu ne. Na farko tudu: Ngaundere tana sama da mita 1,000 a kan tsaunukan Adamawa, Garwa kuma tana ƙasa a kwarin Binuwai. Wanda ya gangaro ya auna zai rantse motarsa ba ta shan komai, wanda ya hau kuma ya ce ta lalace. Na biyu iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mai zuwa Marwa daga Garwa yana karo da ita, mai dawowa tana tura shi.

Lodi ya zama iri ɗaya, a ce buhu biyar masu kilo 100 a kowace mota, a kwance, an ɗaure da tamfol. Kayan da aka tula suka fi kan mota tsayi suna tare iska, kuma wannan yana cin mai fiye da yadda ake tsammani.

Mafi kyau motocin biyu su tashi tare, rana ɗaya, da tazara mai kyau a tsakaninsu, direbobin kuma su yi musanya a Marwa. Ta haka kowace mota ta ɗanɗani ƙafar kowa. In ba zai yiwu ba, mutum ɗaya ya tuƙa su a ranaku biyu a jere, a tashi a sa'a ɗaya.

5. Cikon farko

Je gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, ka tsayar da motar a wuri ɗaya tana fuskantar gefe ɗaya, domin ɗan karkacewar ƙasa yana canza yawan abin da tanki zai ɗauka. Tabbatar lambar famfo ta koma sifili kafin a fara zubawa. Ka fito daga mota ka tsaya a kai.

Gazuwal yana kumfa. Famfo zai tsaya da kansa alhali da sauran wuri. Ce wa mai zubawa ya dakata minti ɗaya ko biyu kumfar ta kwanta, ya ci gaba a hankali, ya sake dakatawa, har man ya tsaya cak a wani wuri da ido ke gani a wuyan tanki. Riƙe wannan wurin a ranka, ko ka ɗauke shi hoto. Wasu kan girgiza mota don iska ta fita. In ka girgiza yau, ka girgiza a ciko na biyu, in ba ka yi ba, kada ka yi. Litar da aka zuba a wannan karon ba ta shiga lissafi. Abin da za ka rubuta shi ne lambar agogo, sannan ka mayar da ƙaramin sifili.

Hattara: Land Cruiser 79 da yawa tanki biyu gare su. Cika duka biyun, ko ka kulle tafiyar a kan guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba lissafin ya ruguje.

Hattara kuma: kada ka yi gwaji da man bakin hanya. Masu zuwa-zuwa, wato masu sayar da mai a jarka, suna rufa asiri a inda babu gidan mai, wannan ba a musu. Amma jarkar da aka ce lita 20 ce ba lallai ta cika 20 ba, kuma tunda a farashin gwamnati na 2024 kananzir yana sefa 350, gazuwal yana 828, ba sai an faɗa maka abin da ke jan hankalin marar tsoron Allah ya gauraya su ba.

6. Tafiyar

Ku yi yarjejeniya kan gudu tun a gida, a ce 80 zuwa 90 inda kwalta take da kyau. Ƙarfin da iska ke tura mota baya da shi yana kusan ninkuwa tsakanin gudun 80 da 110, saboda haka direba mai nauyin ƙafa zai iya mayar da mota mai tattali ta zama mashayiya. Kilim, wato na'urar sanyaya mota, ko dai a kunne a duka biyun ko a kashe a duka biyun. Ni a ganina a kunna, domin wanda ya ce zai bi hanyar Figil a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gilashi a rufe ba sanyi, yaudarar kansa yake yi.

In an tsaya salla, ko cin abinci, ko dogon jira a shingen jami'an tsaro, a kashe inji. Injin irin waɗannan motoci yana iya ƙona wajen lita ɗaya a awa yana tsaye, musamman da kilim a kunne, agogon kilomita kuma bai motsa ba. Wanda ke gefen direba ya rubuta duk wani abin da ya faru: ratse, cunkoson kasuwa, ruwan sama, faci.

7. Ciko na biyu da lissafi

Da kun dawo, kada a biya gida a sauke kaya. Ku wuce famfon nan kai tsaye, a cika kamar yadda aka yi da farko, har wurin da ka yi wa alama. Litar da ta shiga yanzu ita ce abin da motar ta sha. Karɓi rasit.

Lissafin shi ne lita sau 100, a raba da kilomitar da ka riga ka gyara. Bari mu ƙaddara misali, lambobin na koyarwa ne kawai. Mota ta farko ta sha lita 39 a kilomita 424: 3,900 a raba da 424, lita 9.2 ke nan a kowace kilomita 100. Ta biyu ta sha 55: lita 13. Mai son sanin kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa sai ya raba 100 da wannan lambar, ta farko ta ba shi kusan 11, ta biyu kusan 7.7. Da ta farkon tana da manyan tayoyin nan kuma ba ka gyara agogo ba, da 9.75 za ka rubuta mata.

Hattara: kada ka yi lissafi da allurar mai. Tanki ba akwati ne mai kusurwa huɗu daidai ba, rabin allura ba rabin mai ba ne. Lambar da kwamfutar mota ke nunawa a allo ma ƙiyasi ce, kuma takan yi wa motar kara.

8. Maimaita, kuma a hanyar da ta fi wuya

Gwaji ɗaya yana nuna alama ne kawai. Yi uku in da hali, sannan ka tara dukan litocin wuri ɗaya, ka tara dukan kilomitocin, ka yi lissafi sau ɗaya. Kada ka ɗauki sakamako uku ka raba da uku in tafiye-tafiyen ba tsayinsu ɗaya ba, don gajerar tafiya za ta sami nauyin da bai kamace ta ba.

Ware shafi uku a littafinka: kwalta, cikin gari, da burji ko yashi. Wanda aikinsa yake tsakanin Mora da Kusiri, ko ƙauyukan Logon da damina, lambar kwaltar Garwa ba ta amfane shi da komai ba. A cikin yashi da taɓo, da 4L, wato ƙaramar giyar ja da ƙafa huɗu, a ɗaure, kowace mota shanta yana tashi sosai, kuma tazarar da ke tsakanin biyun tana iya canzawa.

In mai sayarwa ya ƙi yarda da doguwar tafiya, roƙe shi aƙalla kilomita 100, man daga aljihunka. Sai dai ka sani kuskuren lita ɗaya wajen ciko a cikin lita 10 kashi 10 ne cikin 100, a cikin lita 40 kuwa kashi biyu da rabi ne. A gajeren gwaji, bambancin da bai kai lita ɗaya ba kada ka ɗauke shi a bakin komai.

9. Mayar da shi sefa

Ninka litar kilomita 100 da farashin da kake sayen mai a garinku yau, ka raba da 100. A misalinmu ta farko tana cin sefa 76 a kilomita, ta biyu kusan 108. Mai yin kilomita 30,000 a shekara, bambancin lita 1,140 ne, wato wajen sefa 944,000. In mai tattalin ta fi ɗayar tsada da miliyan uku, sai ta yi shekara uku da 'yan watanni kafin ta mayar da kuɗin. Mai yin kilomita 10,000 kacal kuwa zai jira sama da shekara tara, kuma a nan ni ba zan biya ƙarin ba.

Ɗan kasuwa yana da sauran lissafi guda, wanda shi ne nasa na gaskiya: nawa kowane buhu ya ci? Sake tafiyar, kowace mota da lodin da take iya ɗauka. A ce ta farko ta kai buhun albasa ko masakwa 8 da lita 41, sefa 33,948, kowane buhu ya tashi a 4,244. Ta biyu ta kai 12 da lita 58, sefa 48,024, kowane buhu 4,002. Ka ga mashayiyar ta zama ita ce mai araha. Amma fa sai in kullum tana samun cikakken lodi; in rabin tafiyarta fanko take yi, ribar ta gudu.

Hattara: iyakar lodi tana cikin takardar mota. Cire nauyin motar fanko daga lambar da aka rubuta PTAC, wato iyakar nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne nata, har da mutanen da ke ciki. Yawancin irin waɗannan motoci tan ɗaya ne ko kusa da haka. Abin da ka ƙara a kai, sifirin da birki da taya ne za su karɓe shi daga hannunka.

10. Abin da lita ba ta nunawa

Sababbin injuna masu turbo da feshin mai na kwamfuta, irin 2GD da 4N15, sun fi tsofaffin irin 1HZ da 5L-E tattalin mai, wannan haka yake. Sai dai suna tura mai da matsi mai tsanani ta ramuka ƙanana ƙwarai, ba sa yafe ruwa ko datti. Jarka ɗaya ta gurɓataccen mai tana iya kashe injekta huɗu, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, kuɗinsu ya cinye tattalin watanni. Tsohon 1HZ ya fi haƙuri da man ƙauye, kuma da wuya ka shiga garejin da ba a san shi ba daga Ngaundere har Abeshe. Shi ya sa masu aikin daji suke riƙe da shi duk da shansa. Kafin ka yanke shawara, shiga kasuwar kayan gyara ta garinku ka tambayi farashin injekta, matacin mai, kuloci da turbo na kowace mota, ka tambayi kuma ko suna nan a kanta ko sai an aiko daga Duwala.

Motar hannu da ta fito daga Turai a 'yan shekarun nan takan zo da matacin hayaƙi a salansa, wasu har da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi. An ƙera su ne don gazuwal mai ƙarancin sulfa. In matacin ya toshe, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, fitila ta kama a allo. Sa a duba maka wannan da na'ura kafin ciniki.

Lambobin da za ka gani a intanet kuma ka duba daga ina suka fito. Na Amurka mil ne a galan: raba 235 da lambar, mota mai 25 ta zama lita 9.4 a kilomita 100. Galan ɗin Ingila ya fi girma, can 282 za ka raba, mai 30 ita ma 9.4 ce. Kuma manyan a-kori-kurar gazuwal da Amurkawa suka fi magana a kai, irin su Ford F-250 da Ram 2500 masu injin lita 6.7, ba ajin Hilux ba ne, kada ka jera su a shafi ɗaya.

In motar ta zama taka kuma direba ne zai riƙa ja, bar littafin a cikinta: kwanan wata, lambar agogo, lita, gidan mai, hanya, lodi, a kowane ciko. Duk ƙarshen wata ka yi lissafin mataki na 7. In lambar ta tashi da lita ɗaya ko biyu alhali hanya da lodi ba su canza ba, fara da matacin iska, iskar taya, birki da yoyon bututun mai, sannan injekta. Sai waɗannan duka sun fita lafiya za ka zauna da direba ku duba rasit.